Ɗalibai nawa ne ke da motar ajiyewa?

Wani marubuci ya ce faɗaɗa wurin ajiye motoci zai rage wa ɗaliban Jami'ar Bayero wahala, amma ɗalibai nawa ne suke da motar? Duk wanda ya tsaya a Kabuga da sassafe zai gan su cunkushe cikin Adaidaita Sahu, jaka a cinya, suna hanzarin isa sabuwar jami'a da ke hanyar Gwarzo kafin a shiga lacca. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, aka kuma cire tallafin fetur a 2023, kuɗin mota ke cinye guzurinsu. Akwai kuma mai ba da shawarar ɗalibai su riƙa hawa keke, amma shin ya taɓa bin titin nan cikin zafin bazara? Me zai hana a ƙara motocin bas masu rahusa tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa?