A daina kiran mai tsimi marowaci

Bidiyoyin bukukuwan da ke fitowa daga ɗakunan taron Kaduna a 'yan watannin nan sun isa su sa mutum ya kife wayarsa. Amarya a tsaye, kwalliya ta hana ta ko murmushin kirki, abokan ango sun kewaye ta da bandir-bandir na sababbin 'yan dubu-dubu, yara biyu a durƙushe suna tattarawa cikin jaka, mawaƙi kuma yana ta kirarin wanda ya fi zubarwa. Kamu daban, sa-lalle daban, dina daban, kowanne da ankonsa. Duk wanda ya ce uffan amsa ɗaya yake samu: “Kuɗinsa ne, kai talauci ke damunka.” Su ɗin dai, in suka ji wani attajiri ya aurar da 'yarsa da ɗaurin aure da walima kawai, sai su ce rowa ta hana shi cin arzikinsa.

Marowaci mun san shi. Shi ne wanda gidansa ke kwana da yunwa alhali yana da shi, ba ya fitar da zakka, ɗan'uwansa na kwance a asibiti ya kashe waya. Alhajin da ke da shaguna a Kasuwar Sheikh Gumi, ya wadata iyalinsa, yana biya wa marayun zuriyarsu kuɗin makaranta, amma har yau tsohuwar Peugeot ɗinsa yake hawa, me ya haɗa shi da wancan? Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsakatsaki. Mu rabin ayar muka riƙe, muka watsar da ɗaya rabin.

Maganar “kuɗinsa ne” ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Abin da aka yi a Malali ko Unguwar Rimi ranar Asabar, kafin wata ya zagayo ya zama ma'auni a Rigasa da Tudun Wada. Uwar amarya ta gani a waya, ta ce 'yarta ba za ta tafi da ƙasa da haka ba. Malamin firamare, wanda albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nisa ba, shi za a ɗora wa akwatunan lefe, mahaifin yarinya kuma kayan ɗaki da gara. A kwashe adashi, a sayar da fili, a ci bashi. Duk wannan a ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a 2024. 'Yan mata nawa ke zaune a gida yau don kawai ba a haɗa kujeru da firji ba? Liƙin kansa, a tuna, laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, sai dai kamar dokar ba ta san hanyar ɗakunan taronmu ba.

Masu cewa biki na samar wa mai kwalliya da mai girki aiki, su je Kakuri su ga abin da ake kira aiki. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta ciyar da dubban gidaje kafin ta rufe a 2002. Ba biki ya kashe ta ba, rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa suna da babban kaso. Amma jarin da zai ta da irinta, ko ƙaramar masana'antar casar shinkafa, daga abin da mai kuɗi ya hana kansa ci yake fitowa. Wanda ya cinye uwar kuɗi a daren dina, da me zai kafa?

Warren Buffett na Amurka, ɗaya daga cikin attajiran duniya, bai bar gidan da ya saya a 1958 kan dala 31,500 ba. Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Marigayi Balarabe Musa ya yi gwamnan tsohuwar jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, ya koma gona da rayuwarsa mai sauƙi har ya rasu a 2020, kuma ban taɓa jin wanda ya raina shi don haka ba.

Malamai su riƙa faɗa a huɗuba, masu unguwanni su zauna da iyaye a rage yawan shagulgula, na yarda. Amma gyaran daga sama zai fara. Talaka in ya yi biki mai sauƙi cewa ake yi babu ce ta sa shi, don haka yake kunyar yi. Masu hali ne kaɗai za su iya cire masa wannan kunyar, su kuwa a yanzu sun fi jin tsoron bakin 'yan TikTok a kan tambayar da za a yi musu gobe game da yadda suka kashe dukiyar.