Wai Babu Ƙwayar Cutar Da Ta Tsiro

Jiya na koma wani ɗakin gwaji a Tudun Wada karɓar sakamakon gwajin jinin Inna, irin wanda ake zuba jini a kwalba a rene shi a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro. Tana kwance a gida jiki kamar garwashi, amma takarda ta ce babu ƙwayar cutar da ta tsiro. Madalla! Sai a je a shaida wa zazzaɓin cewa ɓatan kai ya yi.

Na ce wa wadda ke bakin taga, "Baiwar Allah, don Allah anya babu kuskure?" Ko ɗago kai daga wayarta ba ta yi ba. "Malam, abin da muka gani muka rubuta." Na ce, "Kafin ku ɗebi jinin, akwai wanda ya tambaya ko ta sha magani?" Sai a lokacin ta ɗago, ta dube ni sama da ƙasa, ta ja tsaki. "Kai likita ne? Na gaba!"

Ni ba likita ba ne, amma zaryar asibiti ta shekara da shekaru ta koya mini karatu. A garin nan wane mara lafiya ne ke isa ɗakin gwaji bai biya ta kemis an ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Amoxil ko Cipro ba? Maganin ya riga ya kassara ƙwayar, ta yaya za ta tsiro? Kwalbar gwajin wanda ba yaro ba mililita 8 zuwa 10 na jini take so, na Inna ko rabi ba a ɗiba ba. A kan idona aka ajiye kwalbar a kan tebur, har na gama biyan kuɗi na fita tana nan. Akwatin da ake renon ƙwayar kuma ɗumi yake so, digiri 35 zuwa 37, dare da rana. Wa zai bar janareta a kunne har asuba a wannan tsadar man?

Taifod ma, ko an yi komai daidai, gwajin jini kan kasa kama kusan rabin masu ita. Da ta bakin tagar nan ta ga dama, da sai ta ce mini a sake ɗiba. Amma ina! Kuɗi sun riga sun shiga aljihu.

Su kuma waɗanda aka ɗora wa sa ido kan ɗakunan gwaji da kemis-kemis, sai ranar sabunta lasisi ake ganin ƙeyarsu. Wuta ta gagara, maganin da bai kamata a sayar ba sai da takardar likita ana tallarsa a faranti a tashar Kawo. Manyanmu ko ciwon kai ne sai Indiya ko Masar, mu an bar mu muna sayen takardar da ke ƙaryata ciwon iyayenmu.