Ranar da Firinta Ta Yi Mini Lalle

Ga abin da ya kai ni sayen firinta. Aikin makarantar yara, kullum sai shagon kwafi na bakin layi, naira 100 kowane shafi. Na ce kai, ai gidan wani nake ciyarwa. Wata Asabar na shiga Beirut Road a Kano na ɗauko firintar da ta fi kowacce araha, mai katirij biyu, wato 'yan akwatunan tawada, baƙi da kala.

Ƙanin matata Hajiya ya kalli kwalin ya ce, "Yaya, da mai tona ka saya, ita gari ce, ba ta bushewa. Ko mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba." Na ce mutumin da bai taɓa sayen biro da kuɗinsa ba ne zai koya mini sayayya?

Sati uku tawada ta ƙare. Ashe katirij ɗin da ke zuwa cikin kwali ɗanɗano ne kawai, ba a cika shi. Na koma tambayar sababbi, aka faɗi kuɗin guda biyu, na ga saura ƙiris su kamo kuɗin firintar kanta. Mai shago ya ba ni kwalabe da sirinji, ya ce kowa ma da kansa yake cikawa.

Ban san abin da ya sa na zaɓi Juma'a ba. Na riga na sa farar shaddata ta Sallah, ta sha sitaci, saura minti goma mu wuce masallaci. Ƙanin Hajiya yana falo da kofin zoɓo. Na ce bari in nuna masa aiki. Na ɓare takardar saman katirij, na zuƙi jar tawada, na soka allura, na danna. Ta ƙi. Ashe soso ne a ciki, lallaɓa shi ake yi. Ni kuwa na duƙa, na kawo fuska dab da ramin don in ga me ya toshe, na sa babban yatsa na danna da ƙarfin da ake tura mota.

Fit! Allura ta tsaya a katirij, sirinji ya taho da ni.

Gemu, hanci, goshi, gaban riga har aljihu. Falo ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Auta ta leƙo ta ce, "Umma, zo ki ga Abba ya yi lalle!"

Shi kuwa bai yi dariya ba. Wallahi da ya yi, da tuni na yafe. Sai ya ajiye kofi a hankali, ya zaro tishu ɗaya, ɗaya tak, ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Sannu, Yaya." Na goga, abin ya bazu har kunne. Sabulu, lemon tsami, kananzir, duk na gwada. Haka na tafi. Wanda ke damana a sahu da ya yi sallamar hagu, sai da na ji wuyansa ya daɗe bai dawo ba.

Na dawo na mayar da katirij, firinta ta ce ita ba ta san da zancen ba, a lissafinta har yanzu babu tawada.

Litinin na koma shagon bakin layi a sace. Tun daga nesa yaron ya ɗaga murya: "Alhaji mai firinta, barka da zuwa!" Wa ya gaya masa? Mutumin da cajata take wurinsa tun azumin bara. Ya ci tuwon gidana ya fi a ƙirga, amma labarina ya kai shagon kwafi kafin rigar ta bushe a igiya. Hajiya wai yaro ne. Yaro mai gemu.

Da hunturu ya shigo baƙin ma ya bushe. Yanzu Hajiya ta lulluɓe firintar da zane, filas take ɗorawa a kai. Akwai saurar jar tawada rabin kwalba, in da mai so.