Ku dawo mana da kuɗin yaranmu, mu ba mu biya kuɗin hoto ba

Wata uku ke nan cif da muka biya naira dubu arba'in da biyar-biyar, mu iyaye ashirin da bakwai a unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura, domin wani mai shirya tafiye-tafiye ya kai yaranmu Yankari lokacin hutu. Har yau ko tashar mota ba su taka ba.

Da farko ya ce man fetur ya tashi, mu ƙara haƙuri. Muka yi. Sannan ya ce motar ta lalace a Kano. Karo na uku ya ce damina ce, dabbobi sun nutsa daji. To shi da ya karɓi kuɗin a watan Yuni, bai san damina za ta zo ba? Yanzu wayarsa a kashe take, shagon kuma kullum da kwaɗo, sai wani yaro a bakin ƙofa yana cewa, "Alhaji, oga ya yi tafiya."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar tallar. Hoton wani tafki ne kore shar, duwatsu sun miƙe daga cikin ruwa kamar an dasa su, ga bukkoki suna iyo, a ƙasa an rubuta madatsar ruwa, ruwa mai zubowa daga dutse da koguna. 'Yata ta liƙa shi a bangon ɗakinsu, kullum sai ta ce, "Baba, a wannan bukkar zan kwana." Ƙanena ne ya bincika a intanet ya gano mana gaskiya. Wurin ba ma a Najeriya yake ba! Gandun Khao Sok ne a kudancin Tailan, wanda aka kafa a 1980, tafkin kuma ruwan da madatsar Ratchaprapha ta tare ne. Haba jama'a! Mutum ya ɗauko hoton Asiya ya liƙa wa Bauchi, ya sayar wa 'yan shekara goma?

Kuma wallahi Yankari ba ta buƙatar aron riga. Na je can ina saurayi, muka ratse a Dindima, muka shiga ta Mainamaji. Na yi wanka a Wikki, ruwan ɗumi mai zafin digiri 31 dare da rana, garau har kana hango yashin ƙasa da 'yan yatsun ƙafarka. Na leƙa kogunan Marshall guda 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. Ga giwaye, ga gwaggon biri da ke fizge buredi daga hannun mutum. Da gaskiyar nan ya faɗa, da gudu za mu biya. Ƙarya ce ya zaɓa tun ranar farko, shi ya sa ban yarda cewa mota ce ta lalace ba.

A cikinmu akwai bazawarar da ta karya adashinta don ɗanta kada a bar shi a baya. Ita wa zai kalli idonta?

Mun tattara rasit ɗinmu duka ashirin da bakwai, mun kai ƙara wurin mai unguwa, ranar Litinin kuma ofishin 'yan sanda za mu nufa tare. Jakar 'yata tana nan a bayan ƙofa, da tawul da silifas ɗin wanka a ciki, ta hana kowa ya kwance ta.