In ba ku shirya wa iyali ba, ku daina cewa a zo da su

Wallahi abin nan ya ishe ni. Masu shirya taron ƙara wa juna sani su rubuta a takardar gayyata wai ana maraba da iyali, kai kuma ka ɗauka da gaske suke, ka sayi tikitin jirgi na biyu daga aljihunka don ofis na mutum ɗaya kawai yake biya, ka taho da matarka, sai ka tarar ko kujera ba a ajiye mata ba.

Kwana 3 muka yi. Ƙarfe 8 na safe in rataya baji a wuya in fita, sai bayan 6 nake dawowa, tsakanin lacca da zaman rukuni ko waya ba na iya ɗagawa, ita kuwa tana ɗakin otal, ba ta san kowa a garin ba, harshen ma ba ta ji. Ran nan na tarar da ita bakin taga, takalmi a ƙafa tun rana tana jirana.

Wanda ya fi ƙona min rai liyafar daren ƙarshe ce. Mun shirya tsaf mun sauko, mai tsaron ƙofa ya dubi wuyanta ya ce babu baji babu shiga, wai akwai rajistar 'yan rakiya daban kuma an rufe. A ina aka rubuta? Can ƙasan fom da ƙananan haruffa! Ta ce "Abban yara, ka shiga kawai, ni zan koma sama", murya a sanyaye. Ban shiga ba. Tare muka juya, abokan aiki na kallonmu.