Motar da suka ƙi a nan, ita ake kai mana gida

A Beljiyam, mota in ta cika shekara 4 sai a fara kai ta awo. Wurin dogon zaure ne fes, da rami a tsakiya, ma'aikaci ya sauka da fitila yana leƙen cikin motar. Akwai wasu farantan ƙarfe a ƙasa, ka ɗora tayoyi a kai su yi ta karkarwa har haƙoranka su kaɗa, kwamfuta tana auna yadda taya ke riƙe ƙasa. A nan tawa ta faɗi, saboda shokozoba. Wani da ke bayana a layi ya ce kada in ɓata kuɗina, in kai ta titin Heyvaert, inda ake cinikin tsofaffin motoci a Brussels, 'yan Afirka za su saya, su ai jijjiga ba ta damunsu. Yana kallon ƙwayar idona ya faɗa.

Wa ya ce ba ta damunmu? Ya kamata ya tambayi mai ciki da aka ɗauko daga ƙauyen Dakoro a kujerar baya ta Hiace.

Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shokozoba kuma ya kwantar da rawar. Mai ne cikin bututu, ana matsa shi ta 'yan ƙananan hudoji, shi ya sa mota ba ta ci gaba da lilo bayan ta wuce rami. Man ya tsiyaye, taya sai tsalle, ka taka birki ta ƙara gaba kafin ta tsaya. Maganar rai ce ke nan. Awon nasu gaskiya ne, ban musa ba.

Amma titi mai santsi suka ƙera wa motocin nan. Bakaniken Maradi ne ke karɓar abin da suka yar, ya ƙara ganyen sifirin, ya ɗaga bayanta don ta ɗauki buhunan gero da mutum goma sha, ta bi burji zuwa kasuwar ƙauye ta dawo. Ba shi da faranti mai karkarwa. Tafin hannu yake sawa ya danna kusurwar mota, ya ga sau nawa ta yi lilo, ya gaya maka ciwonta. Wannan ilimi ne, kuma ina jin zafin yadda ake raina shi. Da aka yi mota da tunanin hanya irin tamu ai mun gani: Peugeot 504, ta 1968, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, doguwar ƙafa gare ta mai shanye rami. Tsofaffin direbobin hanyar Jibiya har yau yabonta suke.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, in ka je Heyvaert za ka ji Hausa tana tashi. 'Yan'uwanmu ne ke ciniki, su cusa firji da katifu a ciki, a loda a jirgin ruwa a Anvers, tashar jiragen ruwan Beljiyam. Ya ku 'yan'uwa, don Allah ku sa sababbin shokozoba cikin kayan nan. Iyayenmu mata ne za su hau.