Ka fara ganin lakwal kafin ka biya awansin gida

Maganar bawan Allahn nan da ake ta yawo da ita tun shekaranjiya ta ɓata mini rai, kuma ba dillali nake zargi ba. Magidanci mai 'ya'ya biyar ya biya awansin wata shida a sabon lotisma, ya duba tayil, ya duba kuran da robine, sai da rantire, wato komawa makaranta, ta zo ya tuna yara na karatu. Yanzu yana kukan babu wuri a CI, ajin farko na firamare. Alhaji, laifin wa?

Lakwal ake fara nema, gida ya biyo baya. A nan Maraɗi, ko kartiyen Zariya za ka, ko Ali Ɗan Sofo, ko Burja, sunan kartiye ba ya koya wa yaro karatu. Ka taka da ƙafarka ka je makarantar gwamnati mafi kusa, ranar aiki, da ƙarfe 8 na safe. Ka gaida darakta, ka tambaye shi yara nawa ne a aji, kuma su nawa ke zama kan tabili guda. Ka tambaya ko kowane aji na da mushensa, tun daga CI har CM2, ajin ƙarshe na firamare, ko ana haɗa aji biyu hannun mutum ɗaya. Ka roƙi a nuna maka kayen ɗan CE2, wato aji huɗu. In yaro ya kai nan bai iya karanta layi guda ba, ka samu amsarka.

Sannan ka ƙirga azuzuwan siminti da na zana. Wannan kam ba na son a yi mini gardama a kansa. Mu mutanen Maraɗi ba mu manta gobarar Nuwamba 2021 ba, da yara sama da 20 suka rasu cikin azuzuwan kara. Allah Ya jiƙan su. Uban da bai tambayi irin ajin da za a zaunar da ɗansa ba, ya yi sakaci. Ka leƙa bayan gida, ka ga ko akwai ruwa da katanga, musamman in kana da 'yan mata.

Wasu za su ce ai akwai kabu-kabu. To lissafa. A ce dala 40 kowace tafiya, yaro na zuwa safe da yamma, sawu huɗu ke nan, dala 160 a yini. Cikin kwana 20 jikka 16, na yaro ɗaya tak. Ina rangwamen hayar da ka samu? Ka bi hanyar da kanka, da saurin ɗan shekara 7, ka ga ko sai ya ƙetare gudron da manyan motocin Ɗan Isa ke bi.

Masu cewa a kai su firibe, makarantar kuɗi, kawai, ku bar mu, ba kowa ke da wannan ƙarfin ba.

Kuma kada ka yanke shawara da rani. Kartiye sai a watan Agusta ake saninta. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa garin nan ya hau tudu, kuma a 2024 ruwa ya sa aka ɗage rantire har 28 ga Oktoba. Ka duba shatar ruwa a gindin katangu, ka tambayi mai shagon kwana inda ruwa ke kwanciya. Ka tambayi nisan CEG ma, wato kwalejin da ake shiga bayan firamare, don ɗan CM1 (aji biyar) na yau jibi ɗan siziyam ne, ajin farko na kwaleji.

Af, don Allah iyaye ku karɓi takardar haihuwa a meri tun yaro na goye. In kun sauya makaranta, ku amso takardar shaida daga tsohon darakta kafin ku kwashe kaya. Yara da yawa sai an zo rubuta sunan jarrabawa ake gane ba su da takarda, uwa ta kama zirga-zirgar kotu.